Ibnul Haisam: Masanin da Ya Binciki Kurakuran Gani

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ɗora kyamara a kan madubin hangen nesa domin ɗaukar hoton Mushtari ko Zuhal ya san cewa sau da yawa hoton kan fito dishi-dishi. Bincike a kan dalilan da ke ɓata abin da ido ke gani ya girmi kyamara da ɗaruruwan shekaru, kuma ɗaya daga cikin jagororinsa shi ne Ibnul Haisam.

Haihuwarsa da Zuwansa Masar

An haifi Abu Ali Alhasan ɗan Alhasan ɗan Haisam a birnin Basra na ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965 Miladiyya. A can ya yi karatu har ya shahara a fannin lissafi. Marubucin tarihin nan Alƙifɗi ya ruwaito cewa labari ya kai wa Halifa Alhakim na daular Faɗimiyya cewa wannan malami yana da dabarar sarrafa ambaliyar kogin Nilu, sai ya gayyato shi Alƙahira. Da Ibnul Haisam ya bi kogin har kusa da Aswan, ya ga girmansa da idonsa, sai ya tabbata aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamanin. Ya komo ya shaida wa halifa hakan. Da yake Alhakim mutum ne mai saurin zartar da hukuncin kisa, sai malamin ya yi haukan ƙarya domin ya tsira da ransa. Aka tsare shi a gida har mulkin Alhakim ya ƙare a 1021. Daga nan ya zauna kusa da masallacin Azhar, yana kwafar littattafan lissafi yana sayarwa domin neman abin sawa a baka. Ya rasu a Alƙahira wajen 1040.

Aikinsa a Kan Haske

Mafi shahara cikin ayyukansa shi ne Kitabul Manaziri, mai kashi 7. A ciki ya rushe ra'ayin magabata irin su Baɗlamusa, masu cewa ido ne ke fitar da haske zuwa ga abin kallo. Ya nuna cewa haske ne ke tasowa daga abin kallo ya shiga ido. A wani rubutun nasa kan husufin rana, ya bayyana yadda haske ke ratsa ƙaramar kafa ya zana surar rana a bangon ɗaki mai duhu, kuma idan kafar ta yi faɗi sai surar ta ɓace. Wannan shi ne tushen aikin kyamara. An fassara littafin zuwa Latinanci, aka buga shi a Basal a 1572, wato shekara 36 kafin a ƙera madubin hangen nesa a 1608.

Sharuɗɗan Gani Guda Takwas

A kashi na uku na littafin, ya ƙididdige abubuwa 8 da gani ba ya inganta sai sun daidaita: nisa, da mazaunin abin kallo, da haske, da girma, da kaurin jikin abin, da garau ɗin iska, da lokaci, da lafiyar ido. Idan ɗaya ya wuce kima ko ya gaza, sai kuskure ya shigo.

Waɗannan sharuɗɗa suna aiki har gobe. Mai ɗaukar hoton Mushtari daga Goron Dutse a Gwale cikin hunturu zai tarar hazo ya rage garau ɗin iska. Idan tauraron yana ƙasa-ƙasa, haskensa kan ratsa iska mai kauri, ga kuma zafin da ke tashi daga rufin kwano yana sa hoton rawa. Maganin wannan shi ne a jira ya ɗago sama. Idan haske ya yi wa kyamara yawa, zanen jikin tauraron kan ɓace. Ta fuskar lokaci kuwa, Mushtari na juyawa sau ɗaya cikin kusan awa 10, saboda haka bidiyon da ya zarce 'yan mintoci kan cakuɗe masa kamanni. Matsayin lafiyar ido kuma, a nan gilashi mai tsabta da saiti mai kyau ne ke riƙe da shi.

Kammalawa

Hanyar Ibnul Haisam ita ce a ware dalilai, a gwada su ɗaya bayan ɗaya kafin a yanke hukunci. Malamin da ɗalibinsa ya kasa karanta allo yana da buƙatar wannan hanya: ya duba nisan zama, da hasken aji, da girman rubutu, da lafiyar idon yaron, kafin ya kira shi daƙiƙi.