Marigayi Alhassan Ɗantata Da Gyaɗar Takin Gargajiya

An haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a garin Bebeji cikin shekarar 1877, a gidan fataken Agalawa. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun yana yaro, mahaifiyarsa Amarya kuma ta yi ƙaura zuwa Akara ta ƙasar Gana. Sai riƙonsa ya koma hannun wata dattijuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta ya sami laƙabinsa.

Bayan Yaƙin Basasar Kano na 1893, ya shiga fataucin goro, har ya zama yana ɗauko shi ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga a Kano a 1912, sai Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa. A 1918 Kamfanin Neja ya ɗauke shi dillali, shi kuma ya baza yaransa ƙauyuka, yana ba su jari bisa amana. A 1929 ya kai kuɗin azurfa, kayan raƙumi ashirin, ajiya a banki a Kano.

Abin lura shi ne, gyaɗar da aka gina dalar Kano da ita daga ƙananan gonaki ta fito, a lokacin da takin zamani bai yaɗu ba. Manomi kan kai kashin dabbobi da toka gona a mangala bisa jaki, ya shuka gyaɗa tsakanin gero da dawa. Gyaɗar ta ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarta ta ciyar da dabbobi, su kuma su mayar da taki.

Ɗantata ya rasu ran 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a unguwar Sarari. Fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan ciniki a bayansa.

A yau irin wannan noma ne Turai da Amurka ke saye da tsada, cinikinsa a duniya ya haura Yuro biliyan 100 a shekara. Amma ba su karɓar kaya sai da takardar shaidar cewa ba a sa takin zamani ko maganin feshi ba, kuɗin takardar kuwa ya fi ƙarfin manomi guda. Saboda haka manoman Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa na bukatar abin da marigayin ya kafa: mai tattara amfanin ƙananan gonaki wuri guda, wanda manomi da mai saye duk suka amince da shi.