Gani Odutokun (1946-1995) da Zanen Fuskar Mutum a Zariya

An haifi Gani Odutokun a shekarar 1946 a garin Nsawam na ƙasar Gana. Iyayensa Yarabawa ne 'yan asalin Offa waɗanda fatauci ya kai can. Ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1972, ya kammala digirin farko a fannin zane a 1975, ya sami na biyu a 1979, kuma a wannan sashe ya koyar har ƙarshen rayuwarsa. Ke nan haifaffen Gana ne, jinin Offa, mazaunin ƙasar Hausa.

Ƙasar da ya zauna a cikinta tana da tsohuwar al'adar zane, sai dai ba ta fuskar mutum ba. Wanda ya zaga unguwannin Dala a birnin Kano, ko tsohon birnin Zazzau, zai ga dagi da sauran zayyana a goshin soraye, amma da wuya ya ga surar ɗan Adam. A jami'a kuwa ya tarar da gadon ƙungiyar ɗaliban da Uche Okeke da abokansa suka kafa a 1958, masu ra'ayin a haɗa fasahar gargajiya da dabarun Turai. Gani bai tsaya a kan haɗawar ba. Abin da ya dame shi shi ne: idan an zana mutum, wane ne ke da ikon faɗar kamanninsa?

Ana ganin wannan tun daga yadda yake aiki. Yakan tsinka fenti ya kwarara shi a kan ƙyalle, ya bar shi ya bi inda ya ga dama, sannan ya bi sawu ya fitar da siffa. Fuskokin da ke fitowa ta haka ba sa zama daram. Kamar suna narkewa ne, ko ba su gama haɗuwa ba. Da wannan hannu ya yi jerin zane-zanensa na sarki da fadawa a zamanin mulkin soja, ciki har da wanda sarki ke raha da janar-janar ɗinsa. Bai sa wa sarkin sunan kowa ba, mai kallo ne ke cike gurbin, kuma a Nijeriyar Babangida cikewar ba ta da wuya.

Aikin da ya fi bayyana tunaninsa shi ne Dialogue with Mona Lisa na 1991. A cikinsa wani sassaƙen itace na Afirka yana zana Mona Lisa, ita kuma tana sassaƙa shi. Kowannensu yana ƙera ɗan'uwansa, babu malami babu almajiri. Masu karanta zanen a matsayin raddi ga Turai kawai sun rage masa nauyi, domin sassaƙen ma bai fita daga hannun Mona Lisa ba. Wannan ne halin mai zanen da ya koyi fentin mai a aji, yana zaune tsakanin magina da masu ɗinkin babbar riga.

Ya rasu a watan Fabrairu na 1995 a hatsarin mota, tare da wasu abokan aikinsa, suna komowa Zariya daga wani nunin zane a Legas. Bai cika shekara hamsin ba. A shekarar 2000 aka baje ayyukansa da na waɗanda ya yi wa tasiri a zauren Brunei da ke Jami'ar Landan.