Dayan Fosi: Matar da ta Rayu don Kare Gorila

Gorila shi ne mafi girma a dangin birai. Wani irinsa yana zaune a duwatsun Birunga, inda ƙasashen Ruwanda da Yuganda da Kwango suka haɗa iyaka. Wata mata mai suna Dayan Fosi ta ba da rayuwarta wajen kare shi.

Asalinta

An haifi Dayan Fosi a birnin San Faransisko na Amurka a shekarar 1932. Da ta gama karatu, ta yi aiki a asibitin yara naƙasassu. A 1963 ta ci bashi ta ziyarci Afirka, inda ta sadu da masani Luwis Liki. Shi ne daga baya ya samo mata kuɗin bincike. A watan Satumba na 1967 ta kafa sansanin Karisoke a kan duwatsun Ruwanda.

Renon marayu biyu

A 1969 an kama ƴaƴan gorila biyu, Koko da Faka, domin a kai su gidan namun daji na Kolon a Jamus. Gorila ba ya barin ɗansa a hannun maharbi, saboda haka sai da aka kashe manya da dama kafin a kama su. Marayun sun iso hannun Dayan a rame, ga rauni, ga rashin lafiya. Ta ajiye su a gidanta, ta ba su magani. Ta riƙa ciyar da su da ganyayen dajin da suka saba ci, tana fita da su cikin itatuwa har suka murmure. Ta nemi a bar ta ta mayar da su daji, amma hukuma ta ƙi. An kai su Jamus, kuma dukansu sun mutu a 1978.

Gwagwarmaya da ƙarshenta

A ƙarshen 1977 mafarauta suka kashe Dijit, gorilan da ta fi shaƙuwa da shi. Daga nan ta kafa asusu domin biyan masu sintiri su kwance tarkuna. Sai dai ta tsananta wa mafarauta da makiyaya, abin da ya jawo mata gaba da suka. A watan Disamba na 1985 aka same ta an kashe ta a ɗakinta. An binne ta a Karisoke, kusa da kabarin Dijit.

A 1981 gorilan Birunga ba su wuce kimanin 250 ba. A 2018 an sanar cewa gorilan dutse gaba ɗaya sun haura 1,000. An cim ma hakan ne da sintiri, da likitocin dabbobi, da kuma ba mazauna yankin rabo daga kuɗin yawon buɗe ido.

Darasi gare mu

Babu gorila a Bune ko Gure ko Damagaram, amma ƙasar Nijar tana da jan biri. Ɗan birin da ake gani ɗaure da igiya, sau da yawa uwarsa aka kashe kafin a same shi. Sayensa yana ƙara wa maharbi ƙarfin komawa daji. Cizonsa kuma yana iya kawo cuta. Wanda ya tsinci marayan biri, ya kai rahoto ga ma'aikatan gandun daji.