Jesse Owens, Sarkin Gudu

An haifi Jesse Owens a shekarar 1913, a jihar Alabama ta ƙasar Amurka. Iyayensa baƙar fata ne, talakawa, suna noman auduga a gonar wani. Shi ne autansu cikin 'ya'ya 10. Yana ƙarami ciwon ƙirji ya dame shi ƙwarai, ga shi siriri kamar sillen kara.

Da ya kai shekara 9 sai suka ƙaura zuwa birnin Cleveland. A makarantar da ya shiga daga baya akwai wani malamin wasanni mai suna Charles Riley. Wata rana malamin nan ya tsaya yana kallon yara suna tsere. Sai ya ga wani ramammen yaro yana gudu ba gajiya, ƙafafunsa kamar ba sa taɓa ƙasa. Kowa ramarsa yake gani, shi kuwa malamin takunsa ya duba.

To, amma da an tashi daga makaranta Jesse yakan wuce shagon gyaran takalma ya yi aiki, don ya taimaki iyayensa. Saboda haka malamin ya riƙa sammako yana horar da shi tun kafin a shiga aji. Wani lokaci har da abin karin kumallo yakan zo masa.

A 1936 aka yi wasannin Olamfik a Balin, babban birnin Jamus. Can Jesse ya ci lambobin zinariya 4, uku a gudu, ɗaya a dogon tsalle. Ya rasu a 1980.