Sir Geoffrey Keynes, Likitan Da Ya Rage Yanka

Da Edita ya ce in rubuta tarihin wani babban mutum, sai na zaɓi wani likitan Ingila. Dalili kuwa, gwaggona ta ɓoye ƙullutu a mamanta shekara guda cur, don tsoron kada a yanke mata shi duka. Da aka kai ta asibiti, lokaci ya riga ya ƙure.

An haifi Geoffrey Keynes a Cambridge cikin 1887. Shi ƙanen John Maynard Keynes ne, masanin tattalin arziki. Ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, ya kuma yi suna wajen ƙarin jini a Yaƙin Duniya na Farko.

A zamaninsa, in mace ta kamu da ciwon daji a mama, hanyar Likita Halsted na Amurka ake bi. Watau a cire maman duka, da tsokar ƙirji, da kaluluwar hammata. Mace takan tashi ƙirji a shafe, wata hannunta ya kumbura har iyakar ranta. Keynes bai gamsu ba. Cikin 1922 ya fara gwada soka allurai masu radiyam a mama. Daga baya yakan cire ƙullutun kawai, sa'an nan hasken radiyam ya ƙone abin da ya saura. A 1937 ya buga sakamakon aikinsa, ya nuna matansa na rayuwa kusan daidai da waɗanda aka yi wa babban yanka. Yawancin likitoci suka yi kunnen uwar shegu da shi.

To, in ba za a cire duka ba, ina wuƙa za ta tsaya? Ga yadda ake yi yau. Likita yakan cire ƙullutun tare da ɗan lafiyayyen nama kewaye da shi. Sai a shafa wa bayan naman tawada, a duba da madubi mai ƙara girman abu. In ciwon bai taɓa tawadar ba, yankan ya isa. In ya taɓa, a koma a ƙara. Likitocin Amurka sun tsai da wannan ƙa'ida a 2014.

Cikin 1981 gwajin da Likita Veronesi ya yi a Milan ta Italiya ya gaskata ra'ayin Keynes. Tsohon yana da rai a lokacin. Ya rasu a 1982, yana da shekara 95.