Faransis na Asisi, Mutumin da Ya Hana a Kashe Itace

An haifi Faransis a garin Asisi na ƙasar Italiya wajen shekara ta 1181. Mahaifinsa attajiri ne mai fataucin tufafi, saboda haka yaron ya tashi cikin daula, ba abin da ya sa gaba sai ado da shagali. A 1202 yaƙi ya ɓarke tsakanin Asisi da garin Feruja, aka kama shi, ya yi kusan shekara guda a kurkuku. Bayan ya fito ya yi fama da ciwo, daga nan zuciyarsa ta soma juyowa ga Ubangiji. A ƙarshe, a gaban bishop na garin, ya tuɓe tufafinsa ya mayar wa mahaifinsa, ya zaɓi talauci domin ya bi sawun Almasihu. Ya shiga gyaran majami'un da suka lalace da jinyar kutare. A 1219, ana tsakiyar yaƙi, ya tafi wurin Sarkin Masar, Malik al-Kamil, ba takobi ba garkuwa. Sarkin ya karɓe shi da mutunci, ya sallame shi lafiya.

Abin da ya sa muke tunawa da shi a lokacin Ista shi ne yadda ya riƙi halittar Allah. Tun da yake Mahalicci ɗaya ne ya yi mu duka, yakan kira rana da iska da ruwa 'yan'uwansa. Toma na Selano, wanda ya rubuta tarihinsa, ya nuna cewa in almajiransa za su yi itacen wuta, yakan hana su sare itace gaba ɗaya, domin ya sami damar sake toho. Ya umarci mai lambu ya bar wani gefe ba noma saboda ciyayi da furanni. In ya ga tsutsa a hanya, sai ya ɗauke ta don kada a taka. Ya rasu ranar 3 ga Oktoba 1226, idanunsa sun kusa makancewa. A 1979 Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana shi waliyyin masu kula da muhalli.

Umarnin nan nasa game da itace ya shafe mu ƙwarai. Ista takan same mu a nan cikin zafin bazara, kogin Rima ya janye, manoma suna sharar gona, ana sare kalgo da sabara ana cinna wa kututture wuta. Maƙwabtanmu na Maradi sun ga sakamakon irin wannan. Amma daga 1983 ma'aikatan mishan na SIM tare da manoma suka soma barin kututture ya yi toho, su zaɓi rassa masu ƙarfi su rage sauran. Ta wannan hanya an maido da itatuwa wajen miliyan 200 a gonakin Nijar. Ko a Argungu, dokar da ta hana su a Matan Fada sai ranar biki, ita take ba kifi sararin yaɗuwa.

Allah bai bar jikin Yesu ya ruɓe a kabari ba, ya tashe shi. Manzo Bulus kuma ya koya mana a Romawa sura 8 cewa halitta kanta tana jiran 'yantarwa. Wanda ya gaskata da wannan bai kamata ya zama mai ɓarna ba. Saboda haka, ɗalibai da malamai da 'yan ikilisiya, kafin ruwan farko ya sauka, bari kowannenmu ya nemi kututture ɗaya mai rai a gonar gidansu ko a filin makaranta, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya kula da shi har ya zama inuwa. Ubangiji ya taimake mu.