Uwargida Florence Baker, Uwar Riƙon Saat

Cikin waɗanda mu ke tunawa da su a wannan biki akwai wata mace wadda ba ma'aikaciyar mishan ba ce, amma ta yi abin da mishan ta kasa yi a Hartum.

Florence marainiya ce daga ƙasar Hungari. A 1859 aka kai ta kasuwar bayi ta Vidin, a bakin kogin Danube, inda wani Baturen Ingila, Samuel Baker, ya fisshe ta. A 1862 suka sauka Hartum, suna shirin neman mafarin kogin Nilu.

Wata rana suna shan ti a tsakar gida, sai ga wani baƙin yaro mai suna Saat, ɗan wajen shekara 12, ya durƙusa a ƙafafunta. Aka miƙa masa abinci, ya ƙi. Roƙonsa kaɗai shi ne ya zama ɗan gidansu. Ɗan Fertit ne, an sace shi tun yana shekara 6, daga baya ya sami mafaka wurin Fadan Ostiriya. Su kuwa suka kore shi tare da sauran yara, wai ɓarayi ne. Mishan ɗin ba tamu ba ce, amma kunyar ta shafe mu duka, gama har yau a Hartum da Omdurman mukan yi saurin gaskata mugun zance a kan ɗan da ba shi da dangi.

Maigidan ma ya ɗauka laifin yaron ne. Sai da ya je ya bincika aka ce masa kuskure ne, yaron mai gaskiya ne. Florence ta ɗinka masa tufafi da hannunta. A Gondokoro, cikin 1863, shi ne ya tona makircin da 'yan rakiyarsu suka ƙulla. Ya bi su har tafkin Albert a 1864, amma a hanyar komowa annoba ta kashe shi cikin jirgin ruwa a 1865, kafin su iso Hartum.

Ita ma ba ta tsira daga bakin mutane ba. An ɗaura aurensu a London cikin Nuwamba 1865, Sarauniya Biktoriya ta girmama mijin a 1866, amma ta ƙi karɓar matar a fada, domin sun zauna tare kafin aure. Ba mu wanke wannan zama ba. Duk da haka ta sake ɗaukar wani yaro, Amarn, ɗan Habasha, ta kai shi gidanta a Devon, inda ta rasu a 1916.